IDAN SARƘAR KATAFILA KO TA INJIN GIRBI TA FITA A GONARKA

GABATARWA

Manomi, a yau inji mai tafiya a kan sarƙa yana shiga gonar ƙaramin manomi kamar yadda yake shiga ta babba. Manoma sukan haɗa kuɗi su ɗauko hayar katafila don tumɓuke kututture, ko baje gona, ko haƙa tafkin tara ruwa. A wuraren noman shinkafa kuwa, irin su Kura da Kadawa da Haɗeja da Bakolori da Argungu, injin girbi mai sarƙar roba ya zama abin gani kowace kaka.

Wata matsala da kan tsai da irin wannan aiki ita ce fitar sarƙa. Ana tsaka da aiki sai ka ji ƙara, inji ya karkace, ka duba ka ga sarƙar gefe ɗaya ta zame daga kan ƙafafunta. Ko da yake injin ba naka ba ne, hasarar takan faɗo kanka. Shinkafarka ta nuna tana zuba, jan baki na sauka, maƙwabta na jiran layi, kuɗin haya kuma ka riga ka biya. Har ila yau, kai da 'ya'yanka direba zai fara kira ku kama masa. Don haka ya kamata ka san yadda ake yin aikin nan, da wuraren da hatsari yake.

YADDA SARƘAR TAKE AIKI

A shekarar 1904 wani maƙerin injuna a Amurka, Benjamin Holt, ya ga manyan injunansa suna nutsewa a ƙasa mai laushi, sai ya cire musu ƙafafu ya sa sarƙa. Daga kamfanin Caterpillar, wanda aka kafa a 1925, muka samo sunan katafila. Amfanin sarƙa shi ne tana baza nauyin inji a wuri mai faɗi, ya bi taɓon da tarakta mai taya za ta kafe a ciki.

Abubuwa huɗu ne ke riƙe da sarƙa a kowane gefe:

1. Ƙafa mai haƙora. Ita ce inji ke juyawa, ita kuma ta ja sarƙar, kamar yadda take a keke. A katafila a baya take, a yawancin ƙananan injunan girbin shinkafa kuwa a gaba.
2. Ƙafa mai santsi. Tana ɗaya ƙarshen. Ba ta jan kome, aikinta miƙe sarƙar. Tana iya matsawa ciki ko waje.
3. Ƙananan ƙafafu. Na ƙasa su ke ɗauke da nauyin inji, na sama kuma su tallafi sarƙar kada ta zube.
4. Abin ɗaurewa. Shi ke tura ƙafa mai santsi waje don sarƙa ta yi tauri. A katafila da injin haƙa, wani bututu ne da ake ɗura wa giris, bayansa akwai ƙaton sifirin. A ƙananan injunan girbi da yawa, dogon ƙarfe ne mai noti biyu, ɗaya na ɗaurewa, ɗaya na kullewa.

Ka riƙe wannan: muddin abin ɗaurewa yana tura ƙafa mai santsi, sarƙar da ta fita ba za ta koma ba, ko mutum ashirin aka tara. Sai an sassauta shi tukuna.

ABIN DA KE SA SARƘA FITA

Sarƙa ba ta fita haka kawai. Ga dalilan da aka fi gani:

(a) Ta yi sako-sako, ba a ɗaure ta ba, ko giris na yoyo daga bututun.
(b) Taɓo da bambaron shinkafa sun cushe tsakanin haƙora, sun ɗaga sarƙar sama har haƙoran suka daina kama ta.
(c) Direba ya yi kwana da ƙarfi wuri ɗaya, musamman cikin laka mai danƙo.
(d) An hau gaɓar fadama ko bakin kwalbati a karkace, gefe ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa.
(e) Dutse ko kututture ko saiwa ta shiga tsakanin sarƙa da ƙafa.
(f) Haƙoran sun cinye sun yi tsini, ko gefen ƙananan ƙafafu ya side.

Lalle a gano wanne ne daga cikinsu kafin a ci gaba da aiki. In ba haka ba, za a mayar da safe ta sake fita da azahar.

ABIN DA ZA A FARA YI

Da zarar an ji ƙarar da ba a saba ji ba, ko aka ga sarƙa ta soma gocewa, direba ya tsaya nan take. Kada ya ce bari ya ƙarasa layi, ko ya ja injin zuwa inuwa. Sarƙar da ta ɗan goce tana da sauƙin gyara. Wadda aka taka, ta murɗe a ƙarƙashin inji, tana iya cin yini biyu, ta roba kuma tana iya yagewa gaba ɗaya.

Bayan ya tsaya, ya sauke duk abin da ke ɗage zuwa ƙasa, watau ƙarfen ture ƙasa, ko bokitin haƙa, ko bakin yanka. Ya kashe injin, ya zare makulli ya sa a aljihu. In injin girbi ne, a juye shinkafar da ke cikinsa a buhuna don ya rage nauyi.

Kai mai gona, aikinka na farko shi ne korar yara da 'yan kallo. Su tsaya nesa. Duk wanda zai taimaka ya tuɓe babbar riga, ya ajiye rawani, ya naɗe hannun taguwa. Tufa mai yawo ita ce haƙora suka fi saurin cafkewa.

KAYAN AIKIN DA AKE BUKATA

Shebur da fartanya don kwashe laka. Ruwa cikin bokiti. Sifana daidai da notin injin. Famfon giris cike da giris. Sandunan ƙarfe biyu masu kauri, tsawon kowanne ya kai ƙafa biyar ko shida. Jak mai ƙarfi. Gumaguman itace masu tauri, irin na kirya ko marke, da faffaɗan katako wanda za a ɗora jak a kai. In sarƙar ta ƙarfe ce, sai an ƙara da sarƙar ja, da abin ɗaga kaya wanda makanikai ke kira cen-bulok, ko wata tarakta da za ta ja.

Kada a yi amfani da bulon siminti ko tubali a madadin itace. Bulo ba ya ba da sanarwa kafin ya fashe.

Direban kirki yakan zo da yawancin kayan nan. Ka tambaye shi tun ran da ya shigo gonarka.

YADDA AKE MAYARWA

Mataki na 1: A share.

A kwashe laka da bambaro da duwatsu daga kan ƙafafu duka, musamman tsakanin haƙora da kuma hanyar da ƙafa mai santsi ke bi in za ta koma ciki. A wanke da ruwa. Mutane kan raina wannan mataki, alhali sau da yawa laka ce ke hana ƙafar komawa. In gefen ya nutse, a haƙe ƙasa har a ga ƙarƙashin sarƙar.

Mataki na 2: A sassauta.

In injin mai noti ne, a fara kwance na kullewa, sa'an nan a yi ta kwance na ɗaurewa har ƙafar ta saki.

In mai giris ne, a nan babban hatsarin yake. Akwai ɗan murfi a jikin ƙarfen gefe, a ƙarƙashinsa za a ga notin sakin giris. Giris ɗin nan a matse yake ƙwarai. A juya notin a hankali, kada ya wuce zagaye ɗaya. Kada a cire shi ɗungum, don yana iya fitowa kamar harsashi. Mai kwancewa ya kau da fuskarsa da ƙirjinsa gefe. Kada kowa ya leƙa ramin don ya ga ko giris na fita. A dubi ƙafa mai santsi, in tana komawa ciki, to giris na fita.

In ƙafar ta ƙi motsi, kada a ƙara kwance notin. A sa guntun itace a kanta a tura da sandar ƙarfe, ko a ja ta da cen-bulok. In duk da haka ta ƙi, a dakata a kira makanike. Shi kuwa ƙaton sifirin ɗin da ke bayan bututun, kada kowa ya taɓa notinsa a gona ko kaɗan. Wannan aikin gareji ne.

Mataki na 3: A ɗaga gefen.

Ana so ƙananan ƙafafun ƙasa su rabu da sarƙa, har a sami damar gyara mata zama. Injin haƙa yakan ɗaga kansa da hannunsa da bokitinsa. Katafila takan danna ƙarfen ture ƙasa a gaba, da haƙoran tsaga ƙasa a baya in tana da su. Injin girbi kuwa sai da jak. A shimfiɗa katako a ƙasa tukuna kada jak ya nutse, a kuma sa shi a ƙarƙashin ƙarfen gindin inji, ba a jikin gwangwani ba.

Da zarar ya ɗagu, a cusa gumaguman itace a ƙarƙashi, gaba da baya, a sauke nauyin a kansu. A tokare sarƙar ɗaya gefen da itace. Kada mutum ya sa hannu, ko ƙafa, ko kai, a ƙarƙashin injin da jak ko mai kaɗai ke riƙe da shi. Tiyon mai yana iya fashewa, jak yana iya gocewa, injin kuma ba ya jira.

Mataki na 4: A fara da haƙora.

A jawo sarƙar ta daidaita a ƙarƙashin ƙananan ƙafafu. A ɗora ta kan ƙafa mai haƙora, a tabbata haƙoran sun shiga gurabensu. Sa'an nan a ɗaga samanta a ɗora kan ƙananan ƙafafun sama. Abin da ya rage ke nan ƙarshen da zai hau ƙafa mai santsi.

Ka san nauyin abin da kake ɗagawa. Sarƙar roba ta injin girbi ta haura kilo 100, watau ta fi buhun hatsi. Ta ƙarfe ta matsakaiciyar katafila kuwa, gefe ɗaya ya fi tan guda. Wannan ba a ɗaga ta da hannu. Da sarƙar ja ake jan ta, kowa kuma ya kauce daga saitin sarƙar jan, don in ta tsinke bulala take yi.

Mataki na 5: A hawar da ita.

Ka tuna yadda kake mayar da sarƙar kekenka. Ba ka ɗora ta duka a lokaci ɗaya. Kakan maƙala kaɗan, ka juya feda, sauran ya hau da kansa. Haka wannan take.

A maƙala sarƙar a saman ƙafa mai santsi. Mutum ɗaya ya zura sandar ƙarfe tsakaninsu ya banƙara sarƙar zuwa ciki. Direba ya tada inji, ya bar shi a mafi ƙarancin wuta, ya juya gefen da aka ɗaga kaɗai, ta yadda saman sarƙar zai tafi wajen ƙafa mai santsi. Ya juya kamar taki ɗaya, ya tsaya. A gyara sanda, ya ƙara. Da haka da haka har a ji ta faɗa wurinta.

A nan sai a kiyaye abu huɗu:

Na ɗaya, mutum ɗaya tak ke ba direba umarni, ya tsaya inda direba ke ganinsa. A shirya alamar hannu ta "juya" da ta "tsaya" tun kafin a tada inji, don ƙara ba za ta bari a ji magana ba.

Na biyu, mai riƙe da sanda ya tsaya a gefenta, kada ya sa ta a saitin cikinsa ko haɓarsa. In sarƙa ta cafke sandar, ya sake ta.

Na uku, ba a tura sarƙa da hannu ko da ƙafa in inji na aiki. In akwai abin gyarawa da hannu, a kashe inji.

Na huɗu, in direba bai tabbata zai iya juya gefe ɗaya ba tare da ɗayan ya motsa ba, kada ya gwada. Injin zai sauko daga kan itace. Sai a ja sarƙar da cen-bulok, inji a kashe. A injin girbi kuma a tabbata wuƙar yanka da abin sussuka ba sa aiki.

Mataki na 6: A ɗaure.

A duba ciki a ga sarƙar ta zauna daidai a kan kowace ƙafa. A mayar da notin sakin giris a ɗaure shi, a ɗura giris da famfo har ƙafa mai santsi ta fito ta miƙe sarƙar. Mai noti kuma a ɗaure, a kulle. A juya sarƙar tana sama, gaba sau biyu, baya sau biyu, ana kallo ana saurare. Sa'an nan a cire itace a sauke injin a hankali.

AUNA TAURIN SARƘA

Sako-sako yana fitar da sarƙa, tauri da yawa kuma yana cinye ta, ya sha mai, ya lalata ƙafafu. Masu ƙera katafila sun ce kusan rabin kuɗin gyaranta a sarƙa da ƙafafu yake tafiya. Saboda haka ba a ɗaurewa da ka, sai an auna.

Ga katafila: a tuƙa ta gaba kaɗan a wuri mai baje, a bar ta ta tsaya ba tare da taka birki ba. A miƙa igiya ko katako a saman sarƙa, daga ƙafa mai santsi zuwa ƙaramar ƙafar sama. A auna inda sarƙar ta fi lotsawa. A matsakaitan katafiloli da yawa kimanin inci 2 ake so, watau santimita 5.

Ga sarƙar roba: a ɗaga gefen, a auna ratar da ke tsakanin ƙaramar ƙafar tsakiya da cikin sarƙa. Yawanci santimita 1 zuwa 2 ne, kamar kaurin yatsa.

Kowane inji yana da nasa awo a cikin littafinsa, shi za a bi. Bayan an yi aiki na kamar rabin sa'a a sake aunawa a cikin gonar, domin lakar da ke mannewa tana ƙara wa sarƙa tauri. Awon da aka yi a busasshen gareji ba zai yi daidai da fadama ba.

LOKACIN DA ZA A KIRA MAKANIKE

Kada a yi taurin kai in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Sarƙar ƙarfe ta faɗa ciki, ta maƙale tsakanin ƙafafu da jikin inji. Wannan sai an raba ta a mahaɗinta, an shimfiɗa, an sake haɗawa.
Ana ɗura giris yana fitowa, ƙafa ba ta motsi.
Haƙori ya karye, ko ƙafa ta tsage ko ta karkace.
Wayoyin ƙarfen da ke cikin sarƙar roba sun fito sun tsintsinke.
Injin yana kan gangare, ko bakin rami, inda ba za a iya tokare shi ba.

In kuwa giris ko man inji ya fito da ƙarfi ya huda fatar mutum, a kai shi asibiti a take, ko da raunin bai fi tsinin allura ba. A gaya wa likita abin da ya shiga. Irin wannan rauni yakan ruɓar da nama daga ciki, har a rasa yatsa ko hannu in an yi jinkiri.

RIGAKAFI: ABIN DA KE HANNUNKA

Direba bai san gonarka ba, kai ka san ta. Yawancin abin da ke fitar da sarƙa kana iya kawar da shi kafin inji ya iso.

1. Ka janye ruwa daga gonar shinkafa kwana 10 zuwa 14 kafin girbi, don ƙasa ta yi ƙarfi. In ka taka ƙafarka ta nutse har idon sawu, ba ta yi ba tukuna.
2. Ka zaga gonar ka kafa kara mai tsumma a kan kowane kututture, da dutse, da suri, da tsohuwar rijiya, da bututun ban ruwa.
3. Ka fasa gaɓa inda inji zai shiga da inda zai ƙetare, ka baje wurin. In tilas ne a hau gaɓa, a fuskance ta kai tsaye, kada a hau ta a karkace.
4. Ka yanke shinkafar kusurwoyi huɗu da lauje, don direba ya sami filin yin kwana mai faɗi.
5. Ku zaga gonar tare da direba a ƙafa kafin ya tada inji.
6. Kowace yamma a kwashe laka da bambaro daga ƙafafu tun suna ɗanye. In suka kwana suka bushe, sai su zama kamar siminti.
7. Kada ka matsa wa direba ya yi aiki cikin duhu, ko bayan ruwan sama mai yawa, don kawai kana sauri. Sauri ya haifi nawa.

MAGANAR KUƊIN HAYA

Rigima takan tashi bayan an gama gyara. Mai inji ya ce a biya shi yini cikakke, manoma su ce rabin yini a tsaye aka yi. Maganin wannan a yi magana tun farko, a gaban shugaban ƙungiya ko mai unguwa, a kuma rubuta.

In da sa'a ake biya, ku duba agogon aiki da ke jikin inji tare da direba, ku rubuta lambar da safe da kuma lokacin da sarƙa ta fita. A injuna da yawa agogon nan yana tafiya muddin inji na kunne, ko ana aiki ko ana gyara. Ku amince cewa lokacin gyara ba ya cikin lissafi. In da eka ko kadada ake biya, wannan ya fi wa ƙaramin manomi sauƙi, amma ku ji ko wa zai sayi giris, wa zai biya makanike, da kuma ko layinku zai tsaya in aikin ya kai gobe. Kai ma ka yi adalci. In kututturen da ka sani ka ƙi nunawa ne ya fitar da sarƙar, ka san da laifinka a ciki.

KA TUNA

A tsaya da zarar sarƙa ta goce.
A sassauta kafin a ja. Notin giris zagaye ɗaya kawai.
Ba a shiga ƙarƙashin inji sai yana kan itace.
Haƙora tukuna, sa'an nan ƙafa mai santsi, kaɗan-kaɗan.
A auna bayan an ɗaure, a kuma nemi dalilin fitar.

Shinkafar da ta zuba a bana ana iya noma wata baɗi. Hannun da haƙora suka cinye ba ya dawowa. Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.